Fuskar da Ba a Sassaƙa Ba

Cikin ranakun da na yi a wannan aiki, wadda ba ta taɓa dusashewa a zuciyata ba ita ce ranar da muka rufe akwatin matar Kirene. Ƙannena matasan ƙasarmu da ke zuwa Landan karatun ilmin kufai da adana kayan tarihi sukan tambaye ni yadda aka yi gidanmu suka amince da wannan sana'a, sai in ce musu labarin yana da ɗan tsawo. Yau na zauna in rubuta shi yadda ya faru.

A lokacin ni ma'aikacin koyo ne, wato mataki na can ƙasa, a wata ma'ajiyar kayan tarihi da ke kusa da kogi a Deptford. Ma'ajiya daban take da gidan tarihi. Ba a buɗe ta ga 'yan kallo. A nan ake ajiye abin da ba a baje kolinsa ba, a duba lafiyarsa, a gyara shi, a shirya shi idan zai yi tafiya. Tsohon gini ne na jan bulo, kullum cikinsa da sanyi, kullum yana ƙamshin sabon katako. Shugabar sashenmu ita ce Dakta Helen, babbar mai kula da kayan dutse, dattijuwa siririya mai furfura, wadda ta yi aikin tonon kufai a Libiya tun tana budurwa. A ƙarƙashinta akwai mataimaka, sai kafintoci da masu ɗaga kaya, sai ni. Babban kafintan shi ne Malam Yakubu, mutumin zangon Kumasi, wanda da shi kaɗai nake samun yin Hausa a wurin.

Ga wanda bai sani ba, Kirene tsohon birni ne a gabashin Libiya, a kan tudun da Larabawa ke kira Jabalul Ahdar, wato koren dutse. Girkawa ne suka tsallako teku daga wani tsibiri suka kafa shi, ƙarnuka da dama kafin haihuwar Annabi Isa, a gefen wani marmaro da ke fitowa daga jikin dutse. Birnin ya bunƙasa da hatsi da dawaki da wani tsiro na magani wanda tun a wancan zamani ya ɓace daga duniya. Daga baya Rumawa suka karɓe shi, suka ƙara masa gidajen wanka da manyan gine-gine irin nasu, har girgizar ƙasa ta zo ta kwantar da yawancinsa. Abin da ya rage a yau ginshiƙai ne, da matakalan dandalin wasanni, da maƙabarta mai faɗin gaske, kaburbura sassaƙe a jikin dutse a gefen hanyar da ke gangarawa teku. Garin Shahhat yana daf da wannan kufai.

Sunan Shahhat kuwa tun ina yaro na san shi, domin a can mahaifina ya rasu ina cikin mahaifiyata. Shi da ƙaninsa, Baffa Sule, suka tafi ci-rani, suna aiki a gonakin tuffa, Baffa ya dawo shi kaɗai. Da aka haife ni aka mayar mini da sunan mahaifina, shi ya sa kowa ke kirana Halifa, tunda babu mai iya kama sunan a gidan. Mahaifina yana cikin mutanen da ba su yarda a ɗauke su hoto ba, saboda haka babu hotonsa ko ɗaya a hannun kowa. Baffa ne ya raine ni. Bayan ya samu zama a Landan yana tuƙin bas, bai daina ɗaukar nauyina ba, kuma shi ya kawo ni gidansa a Barking na yi digiri na biyu. Abu ɗaya ne bai taɓa ba ni ba: labarin Libiya. Duk ranar da na tambaya, sai ya ce, "Allah ya jiƙan Yaya," ya tashi ya bar ɗakin. Shi ya sa ban taɓa gaya masa cewa a kan maƙabartar Kirene na rubuta kundina ba. Shi dai ya san ina karanta tarihin Girkawa da Rumawa, yana ta jira in gama wannan wasa in kama aikin manya.

Da wa'adin koyona ya kusa cika, Dakta Helen ta kira ni ofishinta ta ce an amince a ba ni gurbin mataimaki na dindindin, in ina so. Na koma gida da murna, na jira Baffa ya ci abinci, sannan na durƙusa na gaya masa. Ya daɗe yana goge hannu. Ya ce ya yi haƙuri da karatun domin karatu ba ya laifi, amma yanzu magana ta zama ta rayuwa. Ya tambaye ni abin da zai ce wa mutane a masallaci idan suka tambaye shi sana'ar ɗan Yaya; ya ce musu yana share wa gumaka ƙura? Ya ce akwai amininsa a sashen gidaje na council, wato ƙaramar hukuma, ya riga ya yi masa magana, abin da ya rage in yi apply kawai, in tura takardar neman aikin. Na yi ƙoƙarin bayani, ya ɗaga hannu.

"Halifa, ban hana ka ba, kai ba yaro ba ne. Amma kada ka ce na sa albarka."

Wanda bai tashi irin tashinmu ba zai iya cewa ai an ba ni zaɓi. Ni na san ba a ba ni ba. Washegari na gaya wa Dakta Helen cewa ba zan iya karɓar gurbin ba, na kuma faɗa mata dalili ba tare da kwana-kwana ba. Ba ta yi jayayya ba. Ta tambaye ni ko baffana ya taɓa ganin abin da muke yi a nan, na ce a'a. Ta ce ranar Alhamis za a rufe akwatin matar Kirene, in gayyato shi da sunanta, ita za ta sa hannu a ba shi izinin shiga. In ya gani ya tsaya a kan maganarsa, ba za ta sake tayar da zancen ba. Da na isar da saƙon, Baffa ya ce dattijuwa ba ta gayyatar mutum ya ƙi zuwa. Zai je ya gaishe ta, ya kuma roƙe ta ta sakar masa ɗansa.

Matar Kirene mutum-mutumi ne na farin dutsen mabul, rabin jiki ne kawai, daga ƙugu zuwa kai. Mace ce lulluɓe da mayafi, ta ɗaga hannu ɗaya ta kama gefen mayafin kusa da kumatu. An fito da gashinta, an fito da ninkin tufafinta ɗaya bayan ɗaya, amma inda fuska ya kamata ta kasance babu ido, babu hanci, babu baki, sai dutse sumul. Ta daɗe a gidan wani attajiri a nan Ingila. Bayan rasuwarsa magadansa suka yanke shawarar mayar da ita ƙasarta, aka kawo ta wurinmu mu shirya ta.

Ranar Alhamis ɗin, a cikin watan Nuwamba, Baffa ya sa babbar rigarsa ta shadda da hula zanna, ya ɗora jaket a kai. A bakin ɗakin duba kaya aka fara samun matsala. Doka ce duk wanda zai kusanci kaya ya cire zobe da agogo da duk wata suturar da ke reto, don kada ta harɗe wani abu. Malam Yakubu ne ya gaya masa sai an tuɓe babbar rigar. Baffa ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ai dama ya ji labarin mutanen zango ba su san darajar riga ba. Malam Yakubu ya ce shi kuma ya ji labarin Bakano ko wanka zai shiga sai da babbar riga, kada aljanun banɗaki su raina shi. Suka yi dariya, suka tambayi juna iyali, Baffa ya tuɓe rigar ya ninke ta da kansa, aka ba shi shuɗiyar safar hannu irin tamu. Ya gaida Dakta Helen da Turanci cikin girmamawa, ta gode masa da zuwa.

Matar tana tsaye a kan tebur mai katifar soso. Baffa ya tsaya nesa kaɗan, hannuwansa a baya, ya dube ta, sannan ya ce da Hausa, "To, alhamdu lillahi. Ashe wani mai tsoron Allah ya riga ku, ya goge fuskar."

Dakta Helen ta tambaye ni abin da ya ce. Na fassara mata daidai, ban rage ba. Ta yi murmushi ta ce mutane da yawa haka suke zato. Sannan ta ce yau hannu ya yi mana kaɗan, ko Alhaji zai taimaka ya riƙe mana fitila?

Kafin kowane kaya ya yi tafiya akan yi masa binciken ƙarshe: a duba kowane gefe, a ɗauki hoto, a lura da duk wani tsagu ko karaya, domin idan ya isa a san yadda ya bar hannunmu. Muhimmin ɓangaren binciken shi ne hasken gefe. A kashe fitilun ɗaki, a rufe tagogi, a riƙe ƙaramar fitila a gefen dutsen ta yadda hasken zai shafi fatarsa a kwance. Abin da ido ba ya gani a hasken sama, a nan sai ya fito da inuwarsa, ko da siririn layi ne.

Baffa ya karɓi fitilar. Dakta Helen ta fara da yatsun hannun matar, inda biyu suka karye tun da daɗewa. A ƙarƙashin hasken wurin ya fito gantsar-gantsar, kamar an fasa ƙanƙarar sukari. Ta ce masa ga yadda ɓarna take. Sannan ta roƙe shi ya ɗaga fitilar zuwa fuskar. Babu gantsar ko ɗaya. Sai waɗansu siraran layuka a jere, sawun ƙarfen masassaƙi, an bi su an daidaita sumul da haƙuri, kuma launin tsufan wurin ɗaya ne da na mayafin. Baffa ya matso, ya karkata fitilar hagu da dama da kansa.

"Wannan ba gogewa aka yi ba," ya ce. "Haka ya bar ta da gangan. Me ya sa?"

Ta amsa masa da cewa babu wanda ya rubuta dalili. A kan kaburbura ake kafa irin waɗannan, a saman dutsen da ke ɗauke da sunan mamaci. Yawancin masana suna ganin siffar wata abar bautarsu ce da suke cewa tana mulkin matattu. Wasu na ganin al'adar mutanen ƙasar ce ta gauraya da ta Girkawa. Ta ce gaskiyar magana ita ce ba mu sani ba. Baffa ya gyaɗa kai, da alama amsar ta yi masa. Ya tambaya a wace ƙasa ce maƙabartar. Ta ce a Libiya, kusa da wani gari da ake kira Shahhat.

Hasken ya zame daga kan fuskar. Na miƙa hannu in karɓi fitilar, Baffa ya janye ta. Ya tambayi Dakta Helen ko marmaron nan na ƙarƙashin dutse yana nan yana zuba. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce lokacin da ta bar can yana zuba. Ya ce a nan suke alwala ranar da babu aiki, ruwan da sanyi har cikin ƙashi. Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsu, da Turanci da guntayen Larabcin da kowannensu ya rage da shi. Suka yi zancen hazon da ke rufe tudun da safe, da hanyar da ke gangarawa Susa a bakin teku, da burodin da ake gasawa a tanderun ƙasa. Ta ce a bakin kaburburan nan suke cin abincin rana lokacin tono. Ya ce su kuma in ruwan sama ya tare su, cikinsu suke fakewa tare da makiyaya, su hura wuta su dafa shayi, ba su taɓa tambayar ko su wa aka binne a ciki ba. Ita ta riga shi zuwa da shekaru masu yawa, kuma cikinsu babu wanda ya sake komawa. Ni ina tsaye da kyamara a hannu, ina jin labarin da na yi shekaru ina roƙo, ana ba da shi ga wata a gabana.

Da hirar ta lafa, Baffa ya mayar da hasken kan fuskar. Ya koma Hausa, bai dube ni ba. Malam Yakubu ya ce bari ya je ya duba murfin akwati, ya fita a hankali.

"Na tuna rigar da ya sa ranar da muka bar Kano," in ji Baffa. "Na tuna yadda yake riƙe kofin shayi da hannu biyu. Na tuna tarin da ya kama shi a sanyin nan. Fuskar ce ta tafi, Halifa. Ban san ranar da ta tafi ba."

Ya ce wani mai hoto ya taɓa tare su a kasuwa, Yaya ya ƙi, shi ma ya ƙi, suka wuce suna jin sun yi daidai, kuma har yau bai ce sun yi kuskure ba. Amma duk lokacin da na tambaye shi yaya mahaifina yake, sai ya duba cikin ransa ya ga riga da hula da hannuwa, tsakiya kuwa babu komai, kamar wannan dutse. Ya ce mutane suna cewa ina kama da shi, yakan gyaɗa musu kai, amma ba zai iya ba da shaida ba.

Dole in faɗa a nan cewa ban ce wannan ne dalilin da ya sa masassaƙin Kirene ya bar fuskar ba. Babu hujjar da ta nuna haka, kuma da na rubuta shi a kundina da Dakta Helen ta ja masa jan layi. Abin da na sani kawai shi ne, wani mutum ya sassaƙa wannan dutse saboda wani mamaci, bayan ƙarnuka masu yawa kuma baffana ya tsaya a gabansa ya faɗi abin da ya kasa faɗa a falonsa.

Muka ƙarasa binciken. Malam Yakubu ya turo akwatin, wanda ya yanka sosonsa daidai da jikin matar. A dokar ɗaga dutse mutum ɗaya ne ke ba da umarni, sauran su yi shiru; Dakta Helen ta ba da umarni, ni da Malam Yakubu muka ɗaga muka kwantar da ita. Kafin a sa soson sama akan rufe kaya da farin ƙyalle mai laushi don kada wani abu ya goge shi. Na ɗauko ƙyallen, Baffa ya miƙo hannu. Na dubi Dakta Helen, ta gyaɗa kai. Ya shimfiɗa shi tun daga ƙugu zuwa kai, ya gyara gefunan yadda na sha ganin yana yi a wurin suturar mamaci. Ya tambaya wa zai raka ta. Dakta Helen ta ce wakilan ƙasarta za su karɓe ta a nan Landan, amma a wannan sana'a mataimaka sukan raka kaya ƙasashe, kuma duk wanda ya ƙware a kan Kirene, ko ba daɗe ko ba jima aiki zai kai shi can. Malam Yakubu ya ɗaure murfin.

Da zai tafi ya mayar da babbar rigarsa, ya yi wa Dakta Helen godiya, bai ambaci zancen sakin ɗansa ba, bai kuma ce ya janye ba. Ta ba ni izinin raka shi gida. Muka iso West Ham, inda za mu canja jirgin ƙasa. Muna tsaye a dandamali, ranar hunturu ta yi ƙasa tun la'asar, haskenta yana zuwa daga gefe. Na ji yana kallona. Ya daɗe yana kallo, har na fara jin kunya.

"Kunnuwan dai nasa ne," ya ce. "Su ban manta ba. Har Larabawa sai da suka tsokane shi a kansu."

Na yi dariya, idona ya cika. Ya ce gobe in gaya wa dattijuwar nan na karɓa, Allah ya sa albarka. Ya ce gumaka dai har yanzu gumaka ne, kada in kuskura in kawo masa ko ƙarami cikin falo. Sannan ya rage murya ya kwatanta mini maƙabartar Musulmi ta garin: ta wace ƙofa ake shiga, wane bango ake bi, da bishiyar da ke kusa da inda suka sa Yaya, da duwatsu biyun da ya kafa da hannunsa. Ya sa na maimaita masa har ya gamsu.

"In sun aike ka," ya ce, "ka fara da nan kafin ka je wurin Girkawa."

Yanzu an tashi ma'ajiyar daga Deptford, ginin jan bulon ya koma gidajen haya. Dakta Helen ta yi ritaya, Malam Yakubu ya bi kayan zuwa sabon wuri yana ta ƙorafin nisa, Baffa kuma ya ajiye tuƙi ya koma Kano. In na wuce ta bakin kogin nakan tsaya in dubi tagogin da muka rufe a ranar.

Ga ƙannena masu shigowa, abin da na koya a wannan rana bai wuce wannan ba. Ku koyi bambanta abin da ya karye da abin da tun farko ba a sassaƙa ba, kuma inda ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Wannan amsa ce ta sa baffana ya saurari Dakta Helen. Ku kuma tuna cewa duk wanda ya zo gaban waɗannan duwatsu da nasa mamatan ya zo. In ya iso da ƙyama, kada ku yi masa lacca, ku ba shi fitila ya riƙe.

Har yanzu ba a aike ni Shahhat ba. Duk ranar Juma'a in na kira Baffa, bayan gaisuwa, sai ya ce in maimaita masa ƙofar da bangon da bishiyar, don ya tabbata cikinmu akwai wanda bai manta ba.